Sandunan Da Na Ɗaure Da Ɗanyar Fata

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Haruna,

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa ka buɗe takardar nan kana cikin ƙoshin lafiya, ko cikin mota ko a inda ka sauka. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ruwa, ya haɗa ka da mutanen da za su gaya maka gaskiya ko ba ka tambaya ba. Innarka ce za ta sa ta cikin jakarka, ƙarƙashin ƙullin ƙuliƙuli, don na san nan hannunka zai fara zuwa. Labarin gida ba zan ba ka ba, ka san shi kaf. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ne ke rawa, alƙalamin yana binsa.

Wannan rawar hannun ita ta sa na zauna rubutu. Likita ya gaya mini ba warkewa take yi ba, sai dai ta ƙaru. Tun kafin a haife ka nake yin sandar fatsa a garin Tawa, garin da ko gulbi ba shi da shi, ga shi yau ba na iya zura zare cikin idon ƙugiya. Ban koya wa kowa ba. Yayanka Ilya yana Libiya yana ɗaukar bulo. Kai kaɗai ka rage, kai ma ga ka za ka Gaya wajen Mushe Yohanna, kamar yadda muke kiran malaman boko a nan, tsohon abokina malamin lakwal, wato makaranta, da ya ajiye aiki ya koma garinsu bakin gulbi, wanda ya yi alkawarin sa ka cikin masunta. Abin da na sani in bai shiga hannunka ba, tare da ni za a rufe shi. Na san takarda ba ta koya wa hannu aiki, kuma raina a ɓace yake da sai yanzu na fara, amma ba ni da wata dabara.

Ka san ni ɗan manoma ne daga wajen Afala. Na shigo Tawa ina saurayi, na kafa rumfar gyaran keke. Mushe Yohanna yana kawo mini wani tsohon kekensa da ya fi zama a rumfata fiye da gidansa, a haka muka saba. Wata Lahadi, bayan ya fito daga coci, ya ce in raka shi tabkin Tabalak. Ranar na fara ganin ruwan da ido ba ya kai wa ƙarshensa. Na tsaya sakare, shi kuwa yana ta dariya yana cewa a garinsu wannan wurin wankin ƙafa ne. Ya zaro sandarsa ta gora da ya taho da ita daga kudu, ashe zafin ƙasarmu ta Adar ya tsaga ta tun daga kai har gindi. Ni da ban taɓa riƙe fatsa ba, bakina ya riga hankalina, na ce zan yi masa wadda ta fi ta. Daga nan wahalata ta soma.

Kuskurena na farko wajen sara ne. Na san dargaza tana da lanƙwasa, da ita kakanninmu ke yin baka, don haka ita na nufa. Amma cikin damina na sare ta, ina dawowa daga gona, don lokacin ne take kore shar tana ba ni sha'awa. Na jingina sandunan a bango cikin rana don su bushe da wuri. Wasu suka karkace, wasu suka tsage, waɗanda suka tsira kuma ƙwaro ya shiga ya mai da cikinsu gari. Ka sari icenka lokacin sanyi, sa'ad da ganye ya zube, ruwan jikin icen ya ja baya. Kada ka ɓare ɓawon nan take. Ka rataye kowace sanda ta kanta cikin inuwa inda iska ke ratsawa, ka ɗaura mata dutse a gindi, ka manta da ita har wata shekara ta zagayo. A Gaya gora za ka samu, ba dargaza ba, kuma ni gora ban san halinta sosai ba, kada in yi maka ƙarya. Ka tambayi tsofaffin wurin lokacin da suke sara. Abin da na tabbata kawai shi ne ice ɗanye ba ya yin sanda ko a wace ƙasa.

Da na gane lokacin sara, sai haɗama ta shigo. Akwai wani kwari tsakanin Afala da hanyar Takanamat inda dargaza ta yi duhu, in ka shiga ba a hango ka. Nakan je da amalanke in yi ta sara har ƙasa, babba da ƙarama, ina tsoron kada wani ya riga ni. Cikin abin da na ɗebo kaɗan ne ke yin sanda, sauran innarka ta hura wuta da su. Ba ni kaɗai na cinye kwarin nan ba, masu itacen girki da masu awaki sun yi nasu, fari ma ya yi nasa, amma gatarina yana ciki. Bara na biya ta wurin a kan babur ɗin wani, ban ga ko guda ba, sai duwatsu da sabara. In ka sami wurin sara, ka zaɓi miƙaƙƙiya ɗaya a kowane gindi, mai kaurin babban yatsa a ƙasa, wadda ta sirance a hankali har sama ba tare da kumburi ba. Ka sare ta sama da ƙasa kaɗan, ka bar 'yan'uwanta su girma.

Babu sandar da ke fitowa daga daji a miƙe sak, sai an gasa. Nan ma na ƙona da yawa don gaggawa, ina sa su cikin harshen wuta. Garwashi ake so, wanda ya fara yin toka. Ka shafa wa wurin da ya karkace man gyaɗa, ka riƙa juya shi sama da garwashin har ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, sannan ka danna a gwiwa a hankali, ka riƙe har ya huce. In ka ji ƙauri ka riga ka ɓata ta, ko ba ta nuna ba, a wurin za ta karye ranar da kifi babba ya ja. Bayan haka ka kafa gindinta a ƙasa, ka tallafe kanta da tafin hannu, ka danna tsakiya kana mirgina ta. Za ka ji akwai gefe guda da take faɗawa da kanta. Ka sa masa alama da gawayi, don ta nan take son lanƙwasa, kuma ta nan za ka jera zobban da zare zai bi. Na daɗe ina ɗaura zobba inda idona ya ga ya fi kyau, sandar tana murɗewa a hannun mutane suna zaton su ne ba su iya riƙo ba.

Yanzu ga babban, wanda har gobe in na tuna nakan ji kunya ta rufe ni. Dargaza ba ta yin tsawon da ake so, dole a haɗa biyu, gindi mai kauri da kai siriri. Da na zo haɗi ban tsaya tunani ba, na yi abin da na ga ubana yana yi wa gatari da wuƙa da bakin kibiya. Na yanka ɗanyar fatar akuya siri-siri, na jiƙa, na naɗe mahaɗin da ita tam, na bar ta a rana. Ka san yadda fata ke yi in ta bushe, ko da ƙarfe sai ka sha wuya kafin ka ɓamɓare ta. Na narka ƙaro na shafe sama har yana ƙyalli. Zobban ma haka na ɗaure su. Kowa ya gani sai ya yaba. Ma'aikata da sojoji da malaman lakwal masu zuwa Tabalak ranar hutu suka yi ta saye, har mutanen bakin tabkin suna aiko a kai musu. Na fara tafiya ina ɗaga kafaɗa, innarka tana cewa in rage, ƙofar ɗakin ba ta da faɗi.

Abin da ya riƙa ɗaure mini kai shi ne duk wanda ya saya da rani ba ya dawowa bayan kaka. Ina ganinsu a kasuwa mu gaisa lafiya lau, ba wanda ya ce mini komai. Na ɗauka sandunan ne ba sa lalacewa.

Sai wata shekara shukarmu ta ƙone tun tana ƙarama, na rasa abin yi a Afala, na dawo Tawa tsakiyar damina. Mushe Yohanna ma, da kullum yake tafiya kudu in an ba da babban hutu, shekarar bai je ba don matarsa ba ta da lafiya. Muka tafi Tabalak. An yi ruwa da safe muna hanya, sandar da na yi masa tana ɗaure bayan mota ta jiƙe sharkaf, gari kuma ya ƙi buɗewa. Wajen azahar tarwaɗa ta ɗauki ƙugiyarsa, irin wadda ake ba da labari. Sandar ta lanƙwasa yadda nake so, na miƙe tsaye ina cewa ya ja, ya ja, aikina ne ba ta karyewa. Ba ta karye ba kuwa. Kan ne ya zare sumul daga mahaɗin, ya bi zare ya faɗa ruwa, zaren ya tsinke, muna kallo kifi ya tafi da rabin sanda. Mushe ya tsaya riƙe da gindin, fatar tana reto a jiki, ta yi laushi kamar hanjin kaza.

Akwai wani masunci zaune kusa yana ɗinkin koma, ko kai bai ɗaga sosai ba. Ya ce, «Wagga sandar mai keken Tawa ta. Duk damana haka suka yi. Hwata ta, in ta ji ruwa sai ta saki, in an aje ta ɗaka ta yi ɗoyi ɓera shi cinye.»

Mushe ya dube ni, ya dubi mutumin, ya ce, «To don mi ba ku hwaɗa mishi ba?»

Ya ce, «Ina za mu gane shi? Ruwa na sauka ya tahi gona. In ya komo kuma an wuce wurin, wa za shi tada magana?»

Ban ce ni ne ba. Mushe ma, Allah ya saka masa, bai tona ni ba, sai a mota ya yi ta dariya har da hawaye, yana cewa, «Assumana, kai dai Ba'adare na. Kihi ma da igiyar raƙumi kaka son kama shi.» Na yi dariyar dole. Sunana kuwa ya riga ya ɓaci a bakin tabkin. Na gyara aikina daga baya, na gyara ƙwarai, amma har yau akwai tsofaffi a can da in an ce sandata ce sai su tambaya ko an shiga damina.

Don haka ka ji yadda ake ɗauri. Duk abin da ruwa ke jiƙawa ko ya narkar, fata ce, ƙaro ne, zaren auduga ne, kada ya kusanci sandarka. Ka fere bakin gindin da bakin kan a karkace, fira mai tsawo kamar tafin hannu da rabi, har in ka haɗa su ka ɗaga sama haske ba ya ratsawa. Ka shafa gam ɗin kanti, irin mai kala biyu da ake cuɗawa. Sannan ka naɗe da zaren roba irin na masu koma, kowane zagaye manne da ɗan'uwansa, ba hawa ba rata, kana ja har yatsa ya yi shaida. Kada ka ƙulla, ƙulli yana kwancewa kuma yana cin zare. In ka kusa ƙarewa ka kwantar da wani guntun zare a ninke, ka ci gaba da naɗi a kansa, ka zura bakin zarenka cikin ninkin, ka fizge shi ya shige ƙarƙashin naɗin, ka yanke. Ka bi da man sheƙin nan na kafintoci, shafi siriri, ya bushe, ka sake, ya bushe, ka sake. Zobba kuwa wayar ƙafar keke ta fi komai, ka naɗa ta a jikin ƙusa ta yi da'ira, ka goge bakin da dutse har in ka shafa a leɓe ba ka jin kaifi. Na ƙasa ya fi faɗi, suna ƙanƙancewa suna matsowa kusa da juna har kai. Mariƙin ka naɗe shi da robar cikin tayar keke. In ka gama duka, ka jefa sandar cikin ruwa ta kwana, da safe ka ɗaura mata dutse a zare ka ɗaga. In za ta ba ka kunya gara ta ba ka kai kaɗai.

Wani abin kuma, na daɗe ina yi wa kowa sanda daidai hannuna, alhali ni dogo ne. Gajere ya saya ya yi ta fama, kafin la'asar kafaɗa ta riƙe. In mutum ya zo, ka sa ya miƙo hannu, ka auna mariƙin daga tafinsa zuwa gwiwar hannu. Ka tambaye shi a tsaye yake fatsa ko a zaune, daga gaɓa ko cikin jirgi, karfasa yake nema ko tarwaɗa. Mai karfasa kai mai laushi yake so don ya ji taɓi, mai tarwaɗa gindi mai ƙarfi. In ka gama ka ɗora ta a yatsa ɗaya, ɗan gaba da mariƙin, in ta zauna ba ta rinjaya ba to ta yi.

Kuma kada ka yi wa mai saye dariya. Wata shekarar fari wani dattijo ya zo rumfata daga arewa, da rawaninsa har hanci, irin mutanen da tun kakanninsu ba su ɗauki kifi abinci ba. Ya daɗe tsaye yana kallon kekuna kafin ya rage murya ya tambayi sanda. Ni kuwa da bakina da ba ya zama, na ɗaga murya na ce, «Yau kuma raƙumi za a kai Tabalak shi yi hwatsa?» 'Yan rumfa suka fashe da dariya. Ya gyara rawaninsa, ya yi mini sallama da ladabi, ya tafi. Daga baya na ji dabbobinsa ne suka ƙare kaf, yana da iyali a bakin gari. Ban sake ganinsa ba, ban san abin da suka ci ba. Mafi yawan masu zuwa neman fatsa yanzu ba nishaɗi ke kawo su ba, ka sallame su da mutunci ko ba su saya ba.

Game da ku 'ya'yana, nan ne ba ni da abin cewa sai cizon yatsa. Ilya yana son aikin nan tun yana ƙarami. Amma duk lokacin da ya ɗauki wuƙa zai fere, kafin ya yi rabi na fizge, ina cewa zai ɓata mini ice, ice ya yi wuya. Ranar ƙarshe da ya taɓa sanda, ya riga ya zama saurayi, ya yi naɗi na warware shi a gabansa. Ya ce, «Baba, in ban ɓata ba ƙaƙa zan iya?» Na ce ya je ya ɓata na ubansa, na manta ni ne uban. Bai sake zama a rumfar ba. Kai kuma sai na yi maka akasin haka, na kore ka daga rumfar tun ba ka nema ba, na ce lakwal za ka yi, ka zauna a ofis ka huta da warin kifi. Ka yi lakwal ɗin, ka samo takardarka, ga ta nan cikin akwatin innarka tana jiran aikin da bai zo ba. Ɗaya na hana shi da faɗa, ɗaya na hana shi da buri. In Allah ya ba ka mai koyo, naka ko na wani, ka ware masa icen da zai ɓata, ka tura hannuwanka ƙarƙashin cinya ka zauna a kansu.

Ba zan ɓoye maka yadda nake ganin nan ba. Tabkin da na gani ina saurayi yashi yana cinye shi shekara bayan shekara, inda muke zama da Mushe yanzu gonar albasa ce. Ƙananan tabkunan wajen Tebaram da Takanamat da kan riƙe ruwa har sanyi, yanzu kafin a gama girbi sun koma laka. Ma'aikatan da ke fita ranar hutu sun daina, hanyar arewa ba ta da daɗi, kowa yana tsoron abin da zai tarar. Wanda ya rage kuma sandar kanti yake saye, mai shigewa cikin juna, ta karye ya yar ya sayi wata. Ko da hannuna lafiya lau yake, ban ga wanda zan yi wa ba. Wani lokaci ina zaune a rumfar sai in ga kamar duk rayuwata na ƙare ta ne ina koyon abin da ƙasar nan ba ta da bukata. Ba sabo nake yi ba, Allah ya ciyar da mu da sana'ar, amma haka nake ji, kuma na gaji da yin kamar ba haka ba.

Shekaranjiya da kake ɗaure kaya ka ce mini, «Baba, kak ka damu, da ruwa ya sauka ina nan tahe, mu yi shibka.» Na ce Allah ya kai mu, don innarka tana tsaye. Haka kowane ɗan Adar ke cewa, haka na ce wa ubana, kuma na cika. Ko mutum yana Abijan ne, ya ji an yi ruwan shuka sai ya watsar da abin da ke hannunsa ya hau mota. Muna alfahari da wannan, ni ma na yi. Amma ka koma ka dubi zancen fatar nan. Ba rashin wayo ne kawai ya sa na shekara da shekaru ina sayar wa mutane sandar banza ba. Aikin ruwa nake yi, amma duk lokacin da ruwa ya zo ba na nan. Ban taɓa ganin sandata cikin damina ba sai da gona ta kore ni. Wanda zai yi sana'ar nan dole ya ga icensa da ɗaurinsa cikin sanyi da zafi da laima, ya ga gulbi ya cika ya ga ya janye, ya zauna inda wanda sandarsa ta ba kunya zai same shi ya zage shi ido da ido. In kana tafiya kana dawowa za ka zama irina, rabi manomi rabi masunci, kuma gonar da za ka dawo dominta ka san abin da ta ba mu bara, bai kai mu sanyi ba.

Saboda haka na sauke maka alkawarin nan, Haruna. Kada ka dawo shuka. Bana kada ka zo, baɗi ma kada ka zo, sai ranar da masuntan Gaya suka fara aiko maka neman sanda da kansu. Gonar zan ba ɗan kawunka ya noma, abin da ya ga dama ya ba mu. Na gaya wa innarka jiya da rana tana tankaɗe. Ta ajiye rariyar ta ce, «Ɗaya Libiya ta ɗauke, wanga kuma kai da kanka za ka ba gulbi. To wa za shi kama ka in ka hwaɗi?» Na ce Allah. Ta ce ta san da Allah, hannu take tambaya.  Amma da yamma ita ce ta ce in rubuta, za ta sa a jaka.

Kada ka zaci ba na son ganinka. Kai ne autana, kai kake ɗaura mini maɓallin riga tun da hannun ya fara, ka yi kamar wasa kake don kada in ji kunya, na sani sarai. Gobe ban san wanda zai yi ba. Ina jin tsoro, ban taɓa gaya wa ɗana haka ba, amma ina ji. Sai dai tsoron ka dawo ka zauna a rumfar nan kana kallon hanya kamar ni ya fi wancan.

Ka gaishe mini da Mushe Yohanna da iyalinsa, ka bi shi kamar yadda za ka bi ni, ko ma fiye, don ya fi ni haƙuri. Ka riƙe sallarka a gidansa, shi mutum ne da zai tashe ka in ka makara. Kada ka shiga jirgi sai ka koyi iyo, ɗan tudu ne kai, kada kunya ta hana ka faɗa. In wani ya buga maka waya cikin damina ya ce jikina ya yi tsanani, ka yi mini addu'a daga inda kake, ka koma kan aikinka. In ma abin ya wuce haka, unguwarmu ba ta rasa masu haƙa da masu ɗauka ba, za su yi mini abin da ya kamata. Ka zo wa innarka da rani.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ruwan can ya karɓe ka. Allah ya ba hannunka abin da ya karɓe daga nawa. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini.

Mahaifinka,
Assumana mai keke, Tawa.